Ranar Da Aka Zo Ɗaukar Abak

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in daina yanga in auri Uda Aldi kafin wata mai rabo ta wafce shi. Na gode, Allah ya bar zumunci. Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, zuciyata ba daɗi. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Yenti, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a wani kantin magani a Payakumbuh, mahaifiyata kuma, Amak, ta rasu jim kaɗan bayan ƙaramar salla.

Tun daga ranar muka rage mu biyu a gida, ni da mahaifina, Abak. Gidan na kakannin Amak ne, dogon gidan katako mai matakala, rufinsa na kwano mai ƙahonni duk ya yi tsatsa. Ɗakuna biyar ne a jere, uku a kulle, masu su sun bi maza Jakarta, sai da salla suke turo mana hotuna. Kun dai san yadda muke: gida na mace ne, miji baƙo ne ko da ya shekara talatin yana gyara yoyon rufin. In matarsa ta rasu, ranar addu'ar kwana ɗari danginsa za su zo su ce sun zo ɗaukar ɗansu. A gidaje da yawa magana ce kawai. A ce a bar shi saboda 'ya'yansa, a ci abinci, kowa ya kama gabansa. Ni ma haka na ɗauka za a yi mana, shi ya sa ko a jikina.

In ba ku san Abak ba, iyayenku sun san shi. Zubir Sutan Malano, ɗan wasan randai, wasan kwaikwayonmu na gargajiya da ake yi a da'ira da waƙa da rawa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu masu wasan ƙauyensu suka ji muryarsa siririya, suka ɗaura masa zani da ɗankwali, don a zamanin mace ba ta shiga da'irar wasa, namiji ne ke fitowa a budurwa. A haka Amak ta fara ganinsa. Har ta bar duniya tana tsokanarsa cewa ranar ba sonsa ta ji ba, haushinsa ta ji, don ya fi ta iya rangwaɗa. Da mata suka fara shiga wasa, shi kuma gemu ya tsiro, sai aka mayar da shi mugun kawu. Daga baya gwiwa ta ƙi, tsalle ya gagara, ya koma rubuta wasannin da kansa, har gidan rediyo ya taɓa sa ɗaya. Sai wata sakandare ta ɗauke shi koyar da wasan kwaikwayo, ya yi ta yi har ritaya. Ritayar ma a takarda ce. Duk Talata da yamma yara ke cika mana tsakar gida da baƙaƙen wandunansu masu buje, suna zagaye suna dukan wandunan da tafin hannu, bam, bam, har kajinmu sun daina gudu.

Rubutun nasa ma ba a zaune yake yi ba. Kai-komo yake a dogon falon, yana yin muryar kowa, saurayi da budurwa da tsohuwa, Amak kuma daga kicin tana jifansa da gyara.

"Ƙarya kake! Babu macen da za ta faɗi haka."

"To me za ta ce?"

Ta faɗa masa, ya ruga da ɗingishinsa ya rubuta. Bayan rasuwarta bai daina kai-komon ba. Yakan faɗi magana, ya tsaya yana fuskantar ƙofar kicin, ya daɗe a tsaye, sannan ya ci gaba. Ina ciki ina jinsa. Ni ban san abin da mace za ta ce ba, sai in ƙara buɗe famfo in yi ta wanke kofin da na riga na wanke.

Ana saura 'yan kwanaki addu'ar, Mak Dang ya zo. Shi ne kawuna, yayan Amak, kuma shi ke da ta cewa a kan aurena, ba Abak ba. Ya hau matakala da rigarsa ta atamfar batik mai guga da baƙar hula, ya zauna a saman tabarma kamar kullum. Shi da Abak tsakaninsu sai gaisuwa. Ba komai ya jawo ba illa duk mugun kawun da Abak ya taɓa rubutawa sai ya yi gyaran murya sau biyu ya goge tabarau da gefen riga kafin ya yi magana, garin nan kuwa ba wanda bai san mai yin haka ba.

Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya goge tabarau.

"Yenti, na aika wa mahaifiyar yaron nan Aldi, a ji ko za mu iya zuwa neman ɗanta."

A wurinmu dangin mace ne ke zuwa neman miji. "Me ta ce, Mak Dang?"

"Ta ce ɗanta ba zai hau matakalar gidan nan ba sai tsohon baƙo ya sauka."

"Ɗakuna uku fa a kulle!"

"Ɗaki na tambaye ki? Al'ada nake gaya miki. Mace ke riƙe miji a gida, macen kuwa ta tafi. Ke kaɗai kika rage mana a nan. In ba ki haihu a gidan nan ba gara ce za ta gaje shi. Ashirin da takwas! Sa'anninki suna raka yara makaranta, ke kina nan kina shara bayan 'yan tafi da wando."

Daidai nan Abak ya shigo da tiren shayi. Ya ji komai, ba ko shakka. Na zaci zai ɓata rai, sai ya fashe da dariya.

"Wallahi gaskiyarka, Yaya. Ni ma matakalar nan ta ishe ni, gwiwata kullum sai ta zage ni. Gara in koma wurin ƙanwata, ta dafa min, in yi ta ƙiba." Ya shafa cikinsa da ko loma uku ba ya ɗauka tun rasuwar Amak. "Sukari nawa?"

Kada ku manta, ina son Uda Aldi. Na faɗa a baya, ina kuma sake faɗa, don kada wata ta ce min dama can. Dogo ne, mai wushirya, yana da shagon kayan gyaran mota a Pekanbaru, duk bayan mako biyu sai ya yi tuƙin nan mai nisa don kawai ya zauna a matakalarmu ya ci soyayyen rogo. Kuma ɗalibin Abak ne, har yau Pak Guru yake kiransa, wato malam. Da in-ina ya shiga ajinsa, ko sunansa bai iya faɗa sai ya buga ƙafa, Abak ya ba shi sarki ya fito a wasan ƙarshen shekara, ya yi ta fama da shi har harshen ya sake. Washegarin zuwan Mak Dang da rana, ina bayan kanta, na tura masa saƙo.

"Uda, ka ji abin da mahaifiyarka ta ce?"

"Na ji, Yen. Kin ci abinci?"

"Ba abinci na tambaye ka ba."

"Kin san halin tsofaffi. Ki bar ni da ita."

"Malaminka ne fa."

"Har abada. In ba don Pak Guru ba da yanzu kwastoma na tafiya kafin in gama faɗin farashi."

Ya turo hoton zuciya, ya turo na mage tana kuka. Na yi murmushi ni kaɗai har wata mai sayen maganin tari ta ce, "Allah ya sa alheri." Hankalina ya kwanta. Na ce ai ina da namiji a bayana.

Ranar addu'ar tun da sassafe matan unguwa suka cika bayan gida, an jera gorori cike da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa a jikin wuta, hayaƙi ya sa kowa hawaye ba sai an tuna mamaciya ba. Na sa doguwar koriyar rigar Amak mai aikin zare a wuya. Ta yi min yawa a kafaɗa, na kama da fil biyu, na yafa farin mayafi. Har yanzu akwai ƙamshin man zafinta a jikin rigar. Bayan an shafa addu'a maza suka ci suka sha, baƙi na nesa suka watse, aka bar dangi.

A kicin na ritsa Etek Jusna, ƙanwar Abak, tana zuba nama a leda ta tura cikin jaka. Mace ce mai baki, amma ba ta da mugunta.

"Etek, me ya sa kuka yi gaggawa haka? Da kun bar min shi ko shekara ce."

Ta saki ledar ta riƙe ƙugu. "Mu? Ke, kar ki ɗora min jakar tsaba. Ni ina zan sa shi? 'Ya'yana mata uku, kowacce da mijinta da ɗakinta, jikoki har kan buhun shinkafa suke kwana. Ai mun riga mun shirya mu zo mu yi maganar baki mu koma."

"To me ya canza?"

"Saurayinki mana! Ba shi ya zo har gida ba, da motarsa da kwalin kek? Ya durƙusa gaban mazanmu ya zuba jawabi, wallahi kamar a rediyo, wai mu dubi girman Allah mu karɓi ɗanmu da daraja ranar addu'a, kada a bar shi har a fara yi masa kallon kaya. Sai da ya sa ni kuka. Wa zai ce a'a bayan wannan?"

"Yaushe ya zo?"

"Tun kafin watan nan ya kama." Ta dube ni da kyau. "Au. Ba ki sani ba? Na shiga uku, ni da bakina."

Tun kafin watan ya kama. Wato ranar da yake tura min mage mai kuka, yana cewa in bar shi da ita, ya riga ya gama aikinsa. Na ajiye farantin da ke hannuna. Na bar ta tana salati, na wuce ɗakin Abak ko sallama ban yi ba.

Yana durƙushe gaban tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe, sanye da baƙar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya riga ya jera komai: wandunan wasa, takardun da ya ɗaure da roba, da wani jan ɗankwali da ya koɗe, na farkon da aka taɓa ɗaura masa. A kan gado matashin Amak na nan a inda yake, bai taɓa shi ba.

"Abak, ka san Aldi ya je gidan Etek?"

Ya ɗago, sai na ga idonsa ya yi haske. "Na sani mana. Ya aka ce ya yi?"

"Ya yi me?"

"Jawabin. Bai yi gudu a tsakiya ba? Matsalarsa ke nan tun yana aji uku, da ya ga ƙarshe sai ya fara tsere."

Ya ci gaba da ninke wando.

"Wurina ya fara zuwa, Upiak." Haka yake kirana tun ina goye. "Kina wurin aiki. Uwarsa ta sa shi a gaba, ta ce ko ya je ko ta nemo masa wata. Ya zo yana kuka, in-inar nan ta dawo gaba ɗaya, abin tausayi. Na ce yanzu a haka za ka je gaban mutane? Ka yi kwaɓa a ce ɗalibina ne? Na ja shi bayan rumbu, na tsara masa maganar, na sa ya yi ta maimaitawa har ta zauna. Wurin 'kallon kaya' ɗin nan, na ce ya sassauta murya ya dubi ƙasa. Jusna ta yi kuka?"

"Kai ka shirya masa maganar da za a fitar da kai daga gidanka?"

"To wa ya fi ni iyawa a garin nan?" Ya rufe akwatin, ya danna da gwiwarsa mai lafiya. "Kuma ba gidana ba ne. Gyara mayafinki, fil ɗin ya fito."

Ban san wanda zan fara jin haushi ba, shi ko Aldi. Na fito na tsaya a bakin ƙofar kicin tare da mata, inda muke tsayawa. Maza suka zauna layi biyu a falo, namu a sama, dangin Abak a ƙasa, tiren tagulla mai ganyen taunawa a tsakiya. Abak ya zauna a gefe, ya naɗe ƙafa, kamar ba a kansa ake taron ba. Wani ɗan'uwansu mai iya jawabi ya ɗaga hannu biyu ya fara, a hankali, da kewaye-kewaye, cewa shekaru da yawa da suka wuce sun ba gidan nan aron ɗansu, yanzu wadda aka ba don ita ta amsa kira, sun zo su ga ko za a sallame shi.

Mak Dang ya yi gyaran murya. Ya ce haba, Sutan ai ya zama namu, ku bar mana shi. Suka sake roƙo. Ya sake cewa ku bar mana shi, amma wannan karon yana kallon agogon bango. A ƙauyenmu a roƙo na uku ake gane gaskiya. In mai gida da gaske yake, sai ya tura tiren ya koma gaban baƙi. In kuwa maganar baki ce, sai ya ɗauki ganye ya tauna, shi ke nan an sallama. Ɗan'uwan Abak ya yi roƙo na uku. Na ga hannun Mak Dang ya nufi tiren, kuma na san ba turawa zai yi ba.

"Gidan nan nawa ne!"

Wallahi ban san lokacin da ta fito ba. Na tsinci kaina a tsakiyar falo, a kan tabarmar maza.

"Ku kuka ce gida na mace ne. To ni ce macen. Abak ba zai je ko'ina ba."

Wata a bayana ta ce, "La ilaha illallahu." Mace ba ta magana a wannan zama, ko Amak da bakinta ba ta taɓa yi ba. Fuskar Mak Dang ta yi jawur, hannunsa a sama, bai ɗauka ba bai janye ba. 'Yar ƙanwarsa ta tsinka shi gaban baƙi, kuma kowa ya san kafin magariba labarin zai isa kunnen mahaifiyar Aldi. Na dubi Abak. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, ko gyaɗa kai ne.

Ya juyo a hankali, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi muryar nan da yake yi wa yara ranar Talata.

"Upiak, ba a nan kike shigowa ba. Koma bayan labule, sai an kira ki."

Ya kaɗa min hannu, irin na korar ɗan wasan da ya yi azarɓaɓi. Wani tsoho ya fara ƙyaƙyatawa, sai falon ya ɗauka gaba ɗaya. "Kai, Sutan! Har yau koyarwa yake!" Mak Dang ma ya yi dariya, dariyar wanda aka tsamo daga ruwa, ya ɗauki ganyen ya jefa a baki. Magana ta zama wasa, ba wanda ya ji kunya sai ni. Na koma kicin, Etek ta rungume ni tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, tana warin nama.

Da la'asar aka ɗora akwatin a bayan wata motar ɗaukar kayan lambu. Mata suka taru a tsakar gida, wasu sun fara share ido. Abak ya tsaya a saman matakala ya dube su, sai ya kama gefen zaninsa da yatsu biyu, ya karkatar da kai, ya sauko yana rangwaɗa irin ta budurwar da yake fitowa a da, da furfurarsa da ɗingishinsa. Tsofaffin da suka san shi a lokacin suka yi ta shewa suna riƙe ciki. Da dariya aka raka shi har mota. Ya ɗaga wa kowa hannu, har kaji. Ni ce kawai bai kalla ba.

Ban taɓa sanin gidan nan yana da girma haka ba. In na ajiye cokali sai in ji ƙararsa a ɗaya ƙarshen. Na dafa shinkafar mutum biyu sau uku kafin hannuna ya koyi awo. Ranar Talata yaran suka zo da wandunansu a leda, suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, na leƙo ta taga na ce malam ya yi tafiya, suka juya. Na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko ranar da aka binne Amak, don ranar akwai wanda muke yin shirun tare. Mak Dang kuwa ya zo ya yi min wankin babban bargo, ya ce albarkacin ubana na ci, da ba don ya mayar da abin raha ba da na ga yadda ake yi.

Aldi ya kira ya kira, ban ɗauka ba. Sai saƙonni.

"Yen, na san kin ji."

"Don mu na yi. Pak Guru da kansa ya yarda, ki tambaye shi."

"Da ban je ba da an raba mu."

"Mahaifiyata ta ji abin da ya faru, amma ta ce ƙuruciya ce, ta yafe. Ta ce Mak Dang ya zo da tire ranar Lahadi a yi magana."

Ta yafe! Na karanta wannan ya fi sau goma. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ƙarya yake ba. Abak ya yarda. A gaban kowa ya yarda, da dariya ya yarda, har ni ya kora don ya yarda. To ni wace ce da zan ce a'a? Na fara gaya wa kaina ƙila da gaske ya gaji da matakalar.

Ranar Asabar na tashi aiki da wuri, na zuba miyar kifi mai koren barkono a kula, na ɗaure a bayan babur na nufi ƙauyensu. Gidan Etek kamar kasuwa, yara na tsalle a kan kujera, talabijin na ihu, surukanta biyu na shan sigari a baranda.

"Ina Abak?"

Ta kawar da kai. "Kwana biyu ya yi a falo. Ya ga mazan yaran nan suna takura, ba sa iya fitowa da gajeren wando, sai ya ce shi dama masallaci ya fi masa iska. Wallahi ban kore shi ba, Yenti. Ina aika masa abinci."

Ƙaramin masallacin yana bakin tafkin kifi, da wani ɗan ɗaki a gefe inda ake ajiye tabarmi da tsintsiya. Ƙofar a buɗe take. Na zo ta baya, bai ji ni ba. Yana zaune a kan akwatinsa, don ba kujera, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon bango. Ɗakin taku uku ne, ba wurin kai-komo. Farantin da aka aiko masa na nan a rufe, tururuwa sun kewaye shi. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina a inda babu mai kallonsa ba sai ranar. Tsoho ne ashe. Kumatunsa sun zube, bakinsa a ɗan buɗe.

Kular ta bugi ƙofa, ya juyo, nan take fuskar ta dawo.

"A'a! Babbar baƙuwa! Shigo, shigo, ki ga fadata. Ga tafki, ga iska, ladan ma maƙwabcina ne, ba na makara. Jiya na fara wani sabon wasa, in kin ji..."

"Abak."

"...wani tsoho ne da ya gaji sarautar kifaye..."

"Abak, ba kowa a nan. Ni kaɗai ce. Ka daina."

Murmushin ya ɗan tsaya a fuskarsa, ya rasa inda zai je. Na ajiye kular na durƙusa a gabansa, na kama hannuwansa, sun yi sanyi.

"Kowa ya faɗi abin da yake so. Mak Dang ya faɗa, mahaifiyar Aldi ta faɗa, Aldi ya faɗa da bakinka. Kai fa? Kana so ka koma gida?"

Ya daɗe yana kallon tururuwan. A aljihuna waya ta yi ƙugi, na ciro don in kashe, sai ga hoto daga Aldi, gwangwanayen fenti biyu a bayan motarsa, shuɗi da ruwan madara. "Wanne kike so a ɗakinmu? Na ce a fara da babban, tunda ya zama fili."

"Ina so mana, Upiak," in ji Abak.

Muryar ba irin wadda na sani ba ce. Ƙarama ce, a dishe.

"Ban iya barci in ba a ɗakin nan ba. Matashinta na can. Amma kar ki gaya wa kowa. Gobe Lahadi."

Na san gobe Lahadi. Na san in ya hau matakalar nan yau, tiren Mak Dang ba zai je ko'ina ba gobe, mahaifiyar Aldi kuma ba za ta yafe sau biyu ba. Na san ina son Aldi, har a wannan lokacin, da fentinsa da komai, kuma hakan ya fi komai ciwo. Na kashe wayar na mayar aljihu. Na miƙe na leƙa waje, na auna bayan babur ɗina da ido, na ga akwatin ba za ta hau ba, sai dai a dawo mata.

"Abak," na ce, "ina takalmanka?"